Tsawon Jiki da Zaɓen Mazauni a Tarihin Ƙasar Birnin Gwari

Tsawon jikin mutum yana da alaƙa da wurin da ya tashi, kuma ƙasar Birnin Gwari na daga cikin wuraren da za a iya bin sawun wannan alaƙa a tarihi. Ƙasar tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Neja da Zamfara da Katsina. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuma ta sami mutum wajen dubu 250 a cikinta. Akasarinta dajin doka ne da kaɗanya da ɗorawa, ga duwatsu jefi-jefi, ga kogin Mariga da rafukansa. Gwarawa da Kamukawa ne tsofaffin mazauna, Hausawa suka shigo ta fuskar Katsina da Zazzau, Fulani kuma suka biyo ciyawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kafa gari don ya dace da tsawonsa ko gajartarsa. Tsaro da ruwa da ƙasar noma ake dubawa, daga baya wurin da aka zauna ya bar alamarsa a jikin 'ya'ya da jikoki.

A ƙarni na 19 tsaro ne ya danne sauran buƙatu. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora wajen shekarun 1860, shi da ɗansa Ibrahim kuma suka shafe shekaru suna kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku don kamen bayi. Wanda ke son kwana da ido biyu a rufe, mafita biyu gare shi: ko ya shiga bayan ganuwa, kamar ta tsohuwar Birnin Gwari, ko ya hau dutse, kamar yadda Kamukawa da yawa suka yi, da mutanen Kuyambana da Kwatarkwashi can arewa. Doki ba ya hawa santsin dutse, mahayinsa kuwa in ya sauka ya zama daidai da kowa. A hanyar da ta ratsa tsakanin manyan duwatsu, mai ƙaramin jiki da kwari da baka ya fi dogon bafade mai sulke sakewa. Ɗakunan kansu ƙofarsu ƙanƙanuwa ce, sai an durƙusa ake shiga, don haka baƙon da ya zo da mugun nufi kansa yake fara miƙawa kafin makaminsa.

Sai dai zaman dutse yana da tsada, kuma ciki ne ke biya. Gonar da ke kusa 'yar kaɗan ce, mai tsakuwa. Ta kwari mai albarka tana nesa, zuwanta kuwa kasada ne, musamman da kaka lokacin da mahara suka san rumbu ya cika. Ruwa ma daga ƙasa ake hauro da shi. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, al'adar da har yau ake gane su da ita. A bakin rafukan dajin akwai ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, saboda haka garke ba ya daɗewa a nan, yaron da aka yaye kuma ba ya samun nonon da takwaransa na ruga ke sha safe da yamma. Daji ya rage asarar da nama da zuma da man kaɗe da daddawa, amma waɗannan na lokaci ne. Akwai kuma maƙoƙo, wanda ƙarancin sinadarin aidin a ƙasa da ruwa ke kawowa a yankuna masu duwatsu da ke nesa da teku, kuma ƙarancin nan yana tauye girman yaro tun yana ciki. Sai a 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin da ake sayarwa.

Abin da likitoci suka tabbatar daga baya shi ne, tsawo gado ne ta wani ɓangare, amma ko mutum zai kai iyakar abin da ya gada, wannan ya danganta da abincinsa da lafiyarsa, musamman daga ɗaukar cikinsa zuwa cikarsa shekara 2. Saboda haka bambancin da matafiya ke gani tsakanin mutumin dutse da na fili, wanda aka saba jingina wa ƙabila, kaso mai yawa na cikinsa labarin tukunya ne.

Bahaushe ya daɗe yana awo da jikinsa: kamu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, taƙi tsakanin babban yatsa da na tsakiya, gaba kuma don zurfin rijiya da tsawon igiya. Mutum ɗa ba a cika auna shi ba. Bawa ake aunawa. Bajamushen nan Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, ya bayyana yadda ake rarraba yara a kasuwar bayi ta Borno da taƙi, daga idon sawu zuwa kunne, inda mai taƙi shida, wanda ake kira sudasi, ya fi kowa daraja. A can gaɓar teku kuma, ma'aikatan Ingila a Firitawun ta Saliyo sun rubuta suna da shekaru da tsawon dubban mutanen da aka ƙwato daga jiragen bayi bayan 1808. Masanin tarihi David Eltis ya yi nazarin waɗannan rajistoci a 1982, ya nuna cewa tun a wancan zamani tsawo ya bambanta daga yanki zuwa yanki a Afirka. Abin takaici ne a ce mafi tsufan awon jikin talakan wannan ɓangare na duniya daga hannun masu cinikinsa da masu ƙwato shi ya fito.

A cikin gari kuwa, gajarta abin zolaya ce fiye da abin ƙyama. Laƙabin Dogo da Gajere da Wada kan bi mutum har ya shafe sunan yanka. Karin magana ya raba wa kowa nasa: an ce gajere ba yaro ba ne, an kuma ce dogo da hankali dace ne. Mai neman aure a ƙauye, kunyar da ya ja a gonar surukai da hatsin da ke rumbunsa ake kallo. A filin dambe ma na gargajiya ba a raba 'yan wasa da sikeli; wanda ya ji zai iya shi ke fitowa.

Sojojin Ingila sun ci Kontagora a farkon 1901, harin bayi ya lafa, mutane suka fara gangarowa daga duwatsu, wasu da son ransu, wasu da matsin jami'an mulki waɗanda suka fi son talaka a inda za a ƙidaya shi a karɓi haraji. An bar Birnin Gwari a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta a cikin Lardin Zazzau, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Hanyar mota ta ja mutane zuwa bakinta, har sabon gari ya gaji sunan tsohon da sarautarsa. Zinariyar da aka haƙa a yankin a shekarun 1930 ta kawo leburori daga nesa, a 1936 kuma aka keɓe dajin a matsayin gandun En'e, wanda ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku a 1999. Goron Dutse da Tsaunin Rema suna cikinsa, sun koma hannun rema da birai.

Zamanin Turawa ne ya kawo abin da ba a sani ba a da, wato ƙofar da sandar awo ke rufewa. Tun bayan kafa barikin horar da kuratan soja a Zariya a 1924, samarin lardin kan tsaya layi ba takalmi, baya jingine da sanda, a sauko da katako a kan kai. Wanda ya gaza, ko da da faɗin yatsa ne, ya koma gida, kome ƙarfin damtsensa. Al'adar tana nan: sojan ƙasa na neman namiji ya kai mita 1.68, 'yan sanda kuma 1.67. Wannan awo iri ɗaya ne ga ɗan kowace jiha, don haka canja gari ba ya ƙara wa mai nema kome.

A ƙasashen waje ne batun ƙaura saboda tsawo yake da ɗan tushe, domin ratar tana da faɗi. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna matsakaicin saurayi ɗan shekara 19 a Holan ya kusa santimita 184, na Timor ta Gabas kuma 160 ne. Namijin da ake kira gajere a Amsterdam ta Holan zai shige cikin jama'a a Dili ta Timor ba wanda ya waiwayo. Mutanen Holan ɗin ma ba haka suke ba a tsakiyar ƙarni na 19. Madara da tsabtar ruwa da kula da yara suka miƙar da su cikin 'yan zuri'o'i.

A Nijeriya alƙaluma sun juya wa tsohon zato baya. An saba cewa ɗan Arewa dogo ne, amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Kudu maso Gabas kashi 18 ne. A Birnin Gwari dalilin ya yi kama da na ƙarni na 19. Tun farkon shekarun 2010 'yan bindiga suka mayar da dajin Kamuku da na Kuyambana mafaka, aka kai hare-hare irin na Dogon Dawa a 2012 da na Gwaska a 2018, manoma suka bar gonakin kwari suka taru a manyan garuruwa ko suka nufi Kaduna da Funtuwa. A ƙarshen 2024, bayan sulhun da gwamnatin jihar ta ƙulla, an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta shafe shekaru a rufe, wasu manoma kuma suka fara komawa gonakinsu. Yaran da aka haifa aka yaye a shekarun gudun hijira, yanzu suke shiga firamare da sakandare.