Ƙwarin Gulbi da Gubar Ƙarafa: Darasi Daga Tarihin Ruwan Ƙasarmu

Gabatarwa

A irin waɗannan shafuka mun saba karanta tarihin sarakuna da malamai da attajirai. A bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wasu bayin Allah da ba su da suna a kundin kowa, wato ƙananan halittun da ke zaune a gulabe da ƙoramu da tafkunan ƙasarmu: dodon koɗi, ƙaguwa, matsattsaku, tsutsotsin laka, da 'ya'yan ƙwari masu girma a ƙarƙashin duwatsu. Dalilinmu shi ne, idan guba ta shiga ruwa su ne ke fara mutuwa, sau da yawa cikin kwana biyu kacal, alhali ruwan yana nan garau a idon mai ɗiba.

Garuruwan da ruwa ya reno

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajejen Funtuwa, ya gangaro arewa maso yamma ya ratsa Gusau, ya wuce ta Bungudu, ya zuba a madatsar Bakolori ta Talatar Mafara wadda aka kammala a 1978, sa'annan ya zarce ya haɗu da Gulbin Rima. Tsafe kuwa tana tsakanin Funtuwa da Gusau, ga tsohon birnin ilimi na 'Yandoto a cikin ƙasarta. Daga 'Yandoton ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso a zamanin jihadi ya kafa Gusau a bakin gulbi. Da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga, daga baya aka kafa masaƙa da kamfanin matse mai, jama'a ta yi ta ƙaruwa, kowa kuma gulbin nan yake sha.

Wanda ya manta da matsayin gulbin a rayuwarmu, ya tuna ƙarshen watan Satumban 2006, lokacin da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Gidaje da gonaki suka salwanta, babban birnin jiha ya wayi gari cikin ƙishirwa. Wancan bala'i ne da ido ya gani, kunne ya ji. Wanda muke magana a kansa a yau ba ya ƙara, ba ya kuma rusa katanga.

Zinariya da dalma

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A shekarun 1930 an yi rububinta a Arewa ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, harkar ta lafa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta koma hannun ɗaiɗaikun mutane masu tankaɗe yashi a bakin ƙorama. Abin da ya sake tayar da ita shi ne farashi. A 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dalar Amurka 300 ba, amma kafin ƙarshen 2009 ta haura dala 1,000. Manomin da gero da dawa ba sa kai shi ƙarshen shekara, ba a yi mamaki ba da ya ɗauki diga ya shiga rami.

Sai dai duwatsun da aka riƙa haƙowa a ƙasashen Anka da Bukkuyum suna ɗauke da dalma mai yawan gaske, dangin dutsen nan da ake yin kwalli da shi. Bugu da ƙari, binciken masana duwatsu na Amurka ya nuna cewa iska da ruwa sun riga sun sauya wani kaso na dalmar zuwa nau'in da ke saurin narkewa a cikin ciki. Aka riƙa kai duwatsun cikin gari, ana fasa su a tsakar gida, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana wanke garin a kududdufai, ana kama zinariyar da zaiba. Ƙura ta sauka a ɗaki da madafa da wurin rarrafen yara.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyuka. Sunayen Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega suka shiga kafofin labaran duniya. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wurare an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin Amurka na wancan lokaci ga wurin wasan yara kashi 400 ne. An kankare ƙasar ƙauyuka an zuba sabuwa, amma Bagega sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin aikin.

A cikin wannan labari akwai wata gaɓa da ba a cika faɗa ba. Da jami'an Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka zo bincike, mutanen ƙauyukan sun shaida masu cewa tun watanni kafin yara su fara mutuwa, agwagi suka fara ɓacewa. Agwagwa tana wuni tana cusa baki a laka tana neman tsutsa da dodon koɗi, don haka ita ce ta fara kwasar gubar. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa. Saƙo ya iso a kan kari, sai dai ba a sami wanda zai karanta shi ba.

Yadda ƙarfe ke kisa a cikin ruwa

Idan aka ce ƙarfe ya narke a ruwa, ana nufin ya baje a cikinsa kamar yadda gishiri ke bajewa, ta yadda ko an tace da mataci mai tsananin laushi zai wuce. Wannan ya bambanta da ƙarfen da ke maƙale a jikin laka, wanda kan kwanta a ƙasan tafki. Narkakken shi ne ya fi saurin kisa, domin ƙananan halittun ruwa da fatarsu da matattarar numfashinsu suke zuƙar gishirin da jikinsu ke buƙata. Jan ƙarfe da azurfa sukan toshe ƙofar da sinadarin sodiyam ke shiga. Dalma da tutiya da kadmiyam kuwa sukan yi shigar burtu, su bi ta ƙofar sinadarin kalsiyam, wanda da shi dodon koɗi ke gina ɓawonsa. Da zarar ma'aunin gishirin jiki ya rikice, sai halittar ta daina motsi, ta mutu.

Masana sun daɗe da mayar da wannan rauni ya zama ma'auni. Akwai wata 'yar halitta mai suna dafiniya, wadda za mu iya kira ƙumar ruwa, girmanta bai wuce ƙwayar gero ba. Tun daga shekarun 1930 da 1940 aka fara gwada guba da ita a Turai da Amurka, har ya zama daidaitaccen gwaji a duniya. Akan ɗebo 'ya'yanta da ba su cika kwana ɗaya da haihuwa ba, a rarraba su a kofunan gilashi masu ɗauke da ƙarfe daga kaɗan zuwa mai yawa, sa'annan a ƙirga waɗanda suka daina iyo bayan awa 24 da kuma awa 48. Adadin ƙarfen da ya kayar da rabinsu shi ne ake rubutawa a matsayin ƙarfin gubar. A 1993 hukumar kare muhalli ta Amurka ta koma amfani da narkakken ƙarfe wajen tsara iyakokin da ke kare halittun ruwa.

Alƙaluman suna da ban mamaki. Ana auna su ne da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mutum ya sha ruwa mai jan ƙarfe har maikirogiram 2,000, amma 'yan gomomi kaɗan sun isa su kashe ƙumar ruwa cikin kwana biyu. Saboda irin wannan rauni ne ma aka taɓa amfani da gishirin jan ƙarfe wajen kashe dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya. Game da dalma, iyakar ruwan sha maikirogiram 10 ce. Iyakar da Amurka ta sa domin kare halittun ruwa kuwa ita ce 65 na ɗan gajeren lokaci, da 2.5 idan zaman zai daɗe, a ruwa mai matsakaicin kalsiyam. To, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwan ƙauyukan da abin ya shafa a watannin Satumba da Oktoban 2010 ta sami kududdufan da dalmarsu ta haura 1,000, da rijiyoyin da suka ninka iyakar ruwan sha fiye da sau goma. Rijiyoyin burtsatse kuwa ta same su lafiya lau.

Haka kuma ba kowane ruwa ne gubar ke aiki a cikinsa daidai ba. Ruwa mai yawan kalsiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa da sauri, yana rage kaifinta. Ruɓaɓɓen ganye da ciyawa ma sukan ɗaure ƙarfen su hana shi shiga jiki. Amma ruwa mai tsami yana ƙara narkar da shi, ruwan sama kuma ba shi da kalsiyam ɗin da zai yi kariya. Saboda haka ruwan farko na damina, wanda ke wanke tarin garin dutsen da ya yi rani a bakin ƙorama, shi ne abin tsoro. Yana iya share halittun wuri cikin kwanaki kaɗan ya wuce, wanda ya zo awo bayan mako biyu ya tarar da ruwa mai tsabta. Abin da zai ba da shaida a lokacin shi ne ƙarƙashin dutse: idan 'ya'yan ƙwari iri-iri da dodon koɗi sun ɓace, ba abin da ya saura sai jajayen tsutsotsin laka masu juriya, to wani abu ya ratsa ta wurin.

A nan wajibi ne mu ja hankali a kan abu ɗaya. Yawancin yaran Anka da Bukkuyum ƙura da ƙasar da suka haɗiya ce ta kashe su. Ita dalma ba ta kai jan ƙarfe saurin kashe ƙwarin ruwa ba, amma ga ƙwaƙwalwar yaro babu adadinta da likitoci suka ɗauka marar lahani. Don haka ɓacewar ƙwari alama ce ta haɗari, amma ganinsu da rai ba ya wanke ruwa daga zargi.

Abin ya matso gida

Wasunmu sun ɗauka cewa wannan matsala ce ta yammacin jiha, nesa da mu. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a yankin Shikira na Jihar Neja. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a Disamban 2024. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2025, aka ba da rahoton ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu, har ministan ma'adinai ya gargaɗi masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da su tashi. Gemun da ya kama da wuta yanzu namu ne.

Ƙasar Japan ta ga irin wannan tun kafin mu. A garin Minamata, inda aka gano cutar zaiba a 1956, kifaye da tsuntsaye da kyanwoyi ne suka fara nuna alama shekaru kafin a gane ta a jikin mutane. Su ma sun gani, ba su karanta ba.

Hasarar ƙwarin ruwa ba ta tsaya ga zamansu 'yan gargaɗi ba. Su ne abincin tarwaɗa da karfasa, su ne ke cinye ruɓaɓɓen ganye su tsabtace ruwa. Idan suka ƙare, komar masunci za ta fito wayam, zalɓe ya canza mashaya, mai noman fadama kuma ya ci gaba da ban ruwa da abin da bai san cikinsa ba, kayan lambun su biyo mota su same mu har birni.

Kammalawa

Mu da ke birane muna da abin da za mu iya. A cikinmu akwai likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013 a ƙofar gida. Ƙungiyarmu tana iya ɗaukar nauyin awon ruwa sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da farkon damina, a mashigar madatsar Gusau da wasu zaɓaɓɓun wurare a Tsafe da Bungudu, a riƙa buga sakamakon a wannan mujalla domin ya zama tarihi. Ɗaliban makarantun sakandare suna iya koyon ɗaga dutse su ƙirga abin da ke ƙarƙashinsa, aikin da ba ya buƙatar fiye da rariya da farin faranti da littafin rubutu. Masunta da sarakunan ruwa da matan da ke kiwon agwagi sun fi kowa sanin ranar da ruwa ya canza hali, abin da suka rasa shi ne wanda za su kai wa labari ya saurare su. Sa'annan mu roƙi iyayenmu sarakuna da limamai su tsaya kai da fata a kan abu biyu: kada a niƙa dutse a cikin gari, kada a wanke shi a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Inda aka samu hali kuma, a haƙa burtsatse.

Ba mu ce a bar neman halal ba, domin talauci ne ya tura 'yan uwanmu rami. Abin da muke cewa shi ne, a 2010 agwagi sun yi gargaɗi, aka rasa yara 400. Idan gobe ƙwarin Gulbin Sakkwato suka yi nasu, ya kasance akwai mai kallo. Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba waɗanda suka rayu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara baki ɗaya, amin.