Ɗan Ƙwaron Da Ya Taimaka Wajen Rushe Dalar Gyaɗa

Duk lokacin da aka ta da zancen ɓacewar dalar gyaɗa a Kano, sai ka ji an ɗora laifin a kan man fetur. Gaskiya ne fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, amma akwai wani mai laifi da tarihi bai cika ambatonsa ba, wanda girmansa bai kai ƙwayar gero ba.

Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗin talaka. Da ita yake biyan haraji, da ita yake aurar da 'ya. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta saye ana jibge buhuna, har a shekarun 1960 Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Sai farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma. Ba su gama farfaɗowa ba, a daminar 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta auko. Darɓa, ɗan ƙwaron nan mai tsotsar ruwan ganye, shi ke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. Ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, shuka ta tsugune, a tona a tarar ba 'ya'ya. An ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta 700,000 suka lalace a Arewa, asarar ta kai dala miliyan 250. Manoma da yawa suka rasa ko irin shukawa, suka koma wa gero da dawa da wake.

Darasin ya shafi har ma'aikacin da ke da 'yar gayauna bayan gida. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai dai rigakafi. A yi shuka da wuri, a kuma matse ta, domin ƙwaron ya fi sauka inda ya hango ƙasa a fili. A tumɓuke wadda ta kamu, a kawar da gyauro da rani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da iri masu jure cutar, kamar SAMNUT 24 a 2011, sai a neme su.

Dala dai ta tafi, amma darɓa yana nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka.