Jakar Ghana Must Go: Ranar Da Aka Kore Mu, Da Ranar Da Muka Kori Wasu

Da wuya a sami gida a Tsanyawa da babu jakar nan mai layi-layi da muke kira Ghana Must Go. A cikinta ɗan cin rani yake zuba kayansa idan an gama girbi, a cikinta yake dawo da tsaraba idan damina ta ƙarato. Wannan makon tarihin sunanta za mu bi, domin labarinmu ne ta fuska biyu.

Mu muka fara zama baƙi. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano suke bin hanyar Gwanja da kanwa da tufafi da kayan fata, su sayo goro a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da Accra suka kafa zanguna. Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya rasu a 1934, a Kete-Krachi ya yi limanci. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, a cinikin goron wannan ƙasa ya tara jarin da ya dawo da shi Kano ya shiga sayen gyaɗa. Ƙasar ta amfana da baƙinta: su ne 'yan ƙodagon gonakin koko, su ne mahauta, su ke kai kaya ƙauyuka. A ƙidayar 1960, kusan mutum 12 cikin kowane 100 a Ghana baƙi ne.

Sai farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. Yawancin mutanen zango ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba, don wasu a can aka haife su, a can aka binne iyayensu. Dubun dubatar mutane, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka karyar da gidaje da rumfuna suka hau manyan motoci. Gonakin koko suka rasa ma'aikata, tattalin arziki bai farfaɗo ba, kuma a Janairun 1972 sojoji suka kifar da Busia.

Daga nan reshe ya juye da mujiya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya jawo mutanen Ghana da Nijar da Chadi da Togo zuwa Najeriya. Manyanmu da suka yi sakandare a lokacin suna tuna malaman Ghana da suka koyar da su Turanci da lissafi. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa zai iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Amma rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, ya sa aka fara kallon kowane baƙo da zargi. Farashin mai kuma ya faɗi, ga zaɓe na tafe.

Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu, daidai wa'adin da Busia ya ba mu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. Iyakar Ghana a rufe take a lokacin, don haka jama'a suka yi kwanaki a cunkushe a kan iyakokin Benin da Togo, wasu suka mutu a hanya. A cikin waɗannan jakunkuna suka ɗaure abin da suka iya ɗauka, sunan ya bi jakar har yau. 'Yan Nijar ma korar ta shafe su, mutanen da harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Tattalin arzikin Najeriya bai gyaru ba, a ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Buhari kuma ta sake wata korar a 1985.

Ba mu ce ƙasa ba ta da ikon sanin wanda ya shigo mata ba. Tana da shi, kuma baƙon da ya aikata laifi a gurfanar da shi. Abin da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ta haramta a sashe na 12 shi ne korar jama'a gaba ɗaya saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko addininsu. Kowane mutum a duba lamarinsa shi kaɗai bisa doka. Dalilin wannan mun gan shi a gida: a 1980 an kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan aka buɗe ƙofar kora ba bincike, ɗan gida ma bai tsira ba.

Yau hanyar Kano zuwa Katsina da ta ratsa garinmu ita ce ke kai matasa Maraɗi, daga nan Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Aljeriya tana sauke baƙi a cikin hamada kusa da Assamaka su ƙarasa da ƙafa. Muna jin zafin wannan, kuma ya kamata mu ji. To Banijaren da ya yi mana ƙodago a gona ko ya yi mana gadi, mun biya shi cikakken haƙƙinsa, ko mun rage don mun san ba shi da wurin kai ƙara? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda suka sauka a hannunmu.