Darasin Fure a Ɗakin Zane na Samaru

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan na ajiye aiki shi ne ganin yadda matasan da suka rungumi sana'armu suke kwafar surar mutum daga hoton waya, su gama cikin kwana biyu da fentin akirilik, sa'an nan su ɗauka sun gāji su Aina Onabolu, alhali kuwa akwai wani babi na ilmin nan da ya shuɗe ba a ko yi masa ta'aziyya ba, watau zama gaban fure mai rai da fentin mai.

An saba ba da tarihinmu ta fuska guda: an ɗauko sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, jami'a ta tsaya da ƙafafunta a 1962. Duk haƙiƙa ne, kuma muna alfahari da shi, sai dai masu tarihin ba su cika faɗin abin da ɗalibi yake yi tsakanin hantsi da azahar ba.

Mu 'ya'yan Musulmi da muka zo daga baya mun shiga da nauyi a zuciya, domin iyayenmu sun san fatawar da Ibn Abbas ya ba wani mai zane, cewa in ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka da yawanmu muka fake a bayan furanni, abokan karatunmu kuwa suna yi mana kallon waɗanda suka zaɓi sauƙi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai bai yarda da wannan zato ba, har ya wajabta wa ajin duka, Musulmi da Kirista, cewa ba mai taɓa fuskar ɗan Adam sai ya ci jarrabawar bado.

Da sassafe yakan sa a tsinko bado daga tafki a ajiye cikin kasko, kuma da yake furen ba ya jiran kowa, kafin rana ta take ya fara rufewa, dole ido ya yanke hukunci tun hannu bai gama shawara ba. A nan muka gane cewa farin fure ba fari ba ne, akwai kore da ya haura daga ganye, akwai ruwan ƙwai daga cibiyarsa, akwai shuɗi a inuwarsa. Wanda kuwa ya ga haka, ranar da aka zaunar masa da dattijo mai rawani ba zai cika kumatunsa da ruwan ƙasa guda ya yi inuwa da baƙi ba. Shuɗin da ya cika matan Grillo ba daga gwangwani ya fito ba, daga irin wannan duba ne.

Da na ambaci gwangwani sai na tuna shekarun da kaya suka yi tsada bayan 1986, lokacin da bututun fenti ya gagari ɗalibi. Akoko muke saye a kasuwar Sabon Gari, mu ɗaure a katako, mu shafe da gam ɗin fata mai ɗumi, mu bi da alli, mu goge, kuma wanda ya yi gaggawa mai ya ratsa ƙyallen ya cinye shi. In hunturu ya shigo, gurjiya ta yi ja, sai a juya zane yana fuskantar bango, domin jan alizarin yana daɗewa bai bushe ba, ƙura kuwa in ta zauna a kansa ta zauna ke nan. Marigayi Gani Odutokun, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 1995, ya shahara da kwarara fenti a kan ƙyalle, amma masu koyi da shi sun manta cewa sai da ya ƙware a zanen sura tukuna.

Ƙorafina ba a kan akirilik yake ba, kowane zamani da kayansa, a kan kwafar hoto yake. Hoto ya riga ya yanke wa mai zane hukunci: ya daskarar da haske, ya baƙanta inuwa, ya kawar da lokaci, har ya zama ba abin da ya rage wa hannu sai biyayya. Fentin mai kuwa, wanda akan jira shi wata shida kafin a shafa masa banis, yana tarbiyyar mai shi da haƙuri da tsai da shawara a lokaci guda. Duk makarantar da take son ta sake yaye masu zanen sura na ƙwarai, to ta karɓe wayoyi a bakin ƙofa, ta aiki ɗalibai tafki.