Yadda Mai Kallo Ya Zama Mai Hannu Cikin Aikin Fasaha

Tun zamanin dā abin da ake koya wa ɗalibi a makarantar zane shi ne ya yi hoto ko sassaƙa, a rataye a bango, jama'a su zo su duba da ido, hannuwansu a baya. Yau kuwa akwai jami'o'in da ke koyar da wata irin fasaha wadda ba ta cika sai mai kallo ya taɓa ta, ko ya amsa mata daga wata ƙasa ta hanyar intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka share wannan hanya shi ne wani Bature mutumin Ingila, Roy Ascott.

An haifi Ascott a garin Bath cikin 1934, ya yi karatun zane a Newcastle. Daga baya ya duƙufa kan littattafan Norbert Wiener, masanin lissafi na Amurka, wanda ya yi bayani a 1948 yadda na'ura ko halitta ke gyara aikinta bisa ga amsar da ta samu. Sai Ascott ya ga ashe hoto ma yana iya zama haka, watau zance tsakanin mai yi da mai kallo.

Cikin 1961 ya fara gwada wannan ra'ayi a Kwalejin Zane ta Ealing da ke Landan. Ya kan sa ɗalibi ya yi makonni yana nuna halin da ya saɓa wa nasa, mai surutu ya kame baki, mai kunya ya shugabanci sauran, don su gane cewa dangantaka tsakanin mutane ita ma kayan aiki ce kamar fenti. Pete Townshend, mawaƙin nan, ya bi ta wannan aji, haka nan Brian Eno ya bi ta irinsa a Ipswich. Amma ba kowa ya yi na'am da wannan koyarwa ba. Da aka naɗa Ascott shugaban Kwalejin Zane ta Ontario a Kanada cikin 1971, ya nemi rushe tsohon tsarin azuzuwa, shekara na kewayowa aka sauke shi.

Aikin da ya fi fito da manufarsa fili shi ne na watan Disamba 1983, lokacin wani nunin fasaha a birnin Faris. Ya haɗa ƙungiyoyin masu fasaha a wurare 11, cikinsu har da Viyana da Amsterdam da Sidni da Vancouver, ta hanyar kwamfuta da wayar tarho. Aka ba kowane wuri matsayi cikin tatsuniya guda, wannan gimbiya, wancan mayya, wani boka. Wajen kwana goma sha biyu suna ƙara wa labarin dare da rana, domin in wasu sun kwanta wasu sun tashi. Da aka gama, sai aka tarar abin da injin kowane gari ya buga ya ɗan sha bamban da na sauran, har ba wanda zai ce nasa ne na ainihi.

A wannan zamanin ne jami'o'i suka fara buɗe ƙofa. Jami'ar New York ta kafa sashen koyon sadarwa mai amsa wa mutum a 1979, wanda Red Burns ta daɗe tana shugabanta. Jami'ar MIT ta buɗe nata ɗakin bincike a 1985. Shi kuma Ascott ya kafa cibiyar digirin digirgir a Newport ta ƙasar Wales cikin 1994, wadda ta koma Jami'ar Plymouth a 2003, ɗalibanta na zaune a ƙasashe dabam-dabam suna saduwa ta intanet.

Sai dai wannan ilimi ya zo da matsalolinsa. Idan mutum ɗari suka sa hannu cikin aiki guda, wa malami zai ba maki? Sa'an nan hoton da aka yi da fenti ya kan yi shekara ɗari biyar a bango, alhali kuwa aikin kwamfuta na iya mutuwa da zarar an daina ƙera injinsa. Na 1983 ɗin ma, takardun da aka buga da hotunan mahalarta su ne shaidarsa. Saboda haka ɗalibin wannan fanni, ban da zane da rubuta umarnin kwamfuta, tilas ne ya koyi yadda zai adana aikinsa don na baya su gani.