Tsofaffin Hotuna da Tarihin Gabashin Sakkwato: Wane Ne Ya Riƙe Kyamara?

Tsohon hoto yana da ƙarfi a zuciyar mutum. Idan aka nuna mana fuska, sai mu ce mun gani da idonmu, gardama ta ƙare. Amma ɗalibin tarihi yakan dakata ya yi tambaya uku: yaushe aka ɗauka, wa ya ɗauka, kuma don me? Tarihin Wurno, Rabah da Goronyo ya isa ya koya mana amfanin waɗannan tambayoyi.

Mu fara da Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina garin a matsayin ribaɗi, ya zauna a can, ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya rasu tun 1817. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Paris. Saboda haka duk hoton da ake yawo da shi a waya ana cewa fuskar Shehu ce ko ta Bello, zane ne, ko kuwa hoton wani mutum dabam. Ko Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, wanda ya sauka a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da alƙalami ya yi zane-zanensa. A Turai ne wani mai zane ya gyara su kafin a buga littafinsa. Abin da muke gani a ciki ya bi ta hannu biyu kafin ya iso gare mu.

Da kyamara ta fara yawa a ƙasar nan, a hannun masu bindiga take. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a da yawa suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Masana tarihi sun rubuta cewa Turawa sun ɗauki hoton gawarsa, suka riƙa nunawa domin mutane su tabbata ya mutu, su daina sa rai. Hoton bai yi ƙarya ba, gama Attahiru ya mutu. Duk da haka manufarsa ita ce karya zuciyar waɗanda aka ci da yaƙi. Hoto yana iya zama gaskiya, a kuma yi aikin zalunci da shi.

A Rabah labarin ya juya. A nan aka haifi Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello. Ya zama hakimin Rabah a 1934, Sardaunan Sakkwato a 1938, Firimiyan Arewa a 1954. Shi kam ya san darajar kyamara, ya tsaya a gabanta da rawaninsa da alkyabbarsa yadda ya ga dama a gan shi. Bayan kashe shi ran 15 ga Janairu, 1966, hotunansa suka shiga shaguna da zauruka da jikin motoci. Cikin shekara hamsin, ɗan ƙasa ya tashi daga wanda ake ɗauka ba da yardarsa ba, ya zama mai zaɓen yadda za a tuna da shi.

Goronyo kuwa tana tuna mana da waɗanda ba safai ake ɗauka ba. An gama gina dam a kan kogin Rima a 1984, ambaliyar 2010 kuma ta cinye gonaki da gidaje a yankin. Duk wanda ke da hoton fadama kafin dam, ko na ƙauye kafin ruwa ya ci shi, yana riƙe da shaidar rayuwar manoma da masunta da makiyaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mutanenmu sukan kawo mana hoto a waya, wani lokaci na kisa ko na ƙone-ƙone, suna jiran mu yi magana. In muka ɗauki hoton wata ƙasa ko na wata shekara muka hau bagade da shi, mun ba da shaidar zur, kuma maƙwabtanmu ne za su biya da jininsu. Haka nan hotunan 'yan mishan na dā: sau da yawa sunan Baturen yana rubuce a baya, na mai bisharar da ke tsaye kusa da shi babu. Kafin dattawan da suka san fuskokin nan su shuɗe, mu zauna da su, mu rubuta suna da wuri da shekara, mu adana hotunan inda gara da damina ba za su kai ba.