Mashi da Garkuwa: Waiwaye a Kan Asalin Dambe da Bunƙasarsa

Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da ta gada ta koya wa samarinta yadda za su tsare kansu idan makami ya kuɓuce, ya rage daga mutum sai ƙarfin damtsensa. Japanawa suna da judo da karate, Sinawa suna da kumfu, mutanen Ingila suna da damben safar hannu. Bahaushe kuwa yana da kokawa da shanci da dambe. Wannan muƙala za ta waiwayi dambe domin gano inda ya faro, da matakan da ya taka kafin ya iso gare mu, da kuma haƙƙin da ya rataya a wuyanmu game da shi, musamman mu mazauna Maiduguri, inda maganar tsaron kai ta daɗe da wuce tatsuniya.

Asalin Dambe

Tarihin baka ya jingina dambe ga mahauta, wato rundawa. Da kaka, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, mahauta sukan bi garuruwan da ake bukukuwa domin yanka da sayar da nama, makaɗan kalangu na biye da su. Idan la'asar ta yi, sai samarinsu su fito dandali su nemi wanda zai sa zare da su daga cikin samarin garin. Ba abin mamaki ba ne wasan ya zauna a gidan fawa, domin mutumin da sana'arsa ita ce kayar da bijimi, wanda kuma hawan ƙaho yake cikin al'adunsa, ba ya rasa ƙarfi da ƙarfin hali.

Masani Edward Powe, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan adabin wasannin jarumta na Hausa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1984, ya lura da kamanni tsakanin tsayuwar ɗan damben Hausa da zanen 'yan damben tsohuwar Masar. Sai dai kama da wane ba ta wane. Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin bakin 'yan damben kansu. Hannun da ake naɗewa da ƙyalle, a ɗaure shi tamau da zare, sunansa mashi. Ɗaya hannun da ake miƙawa gaba a buɗe, ana tare naushi da shi ana auna tazara, sunansa garkuwa. Wanda aka buge har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe yana murmushi. Mashi da garkuwa da kisa duk kalmomin fagen fama ne, kuma suna nuna cewa wasan ya ginu ne a kan siffar yaƙi, a zamanin da garuruwa ke kewaye da ganuwa, kowane saurayi kuma ana sa ran zai fita idan an buga tambari.

Shaidar Clapperton

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai a rubuce game da dambe yana da alaƙa da wannan ƙasa tamu ta Barno. A 1823 ayarin Denham da Clapperton da Oudney ya sauka Kukawa a wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Daga nan Hugh Clapperton ya nufi yamma, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824. Da ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya sa ladan wuri 2,000 domin a yi wasan a gabansa. A littafin tafiyarsu da aka buga a 1826 ya bayyana yadda 'yan damben suka iso da makaɗa, mahautan gari na rufa musu baya, da yadda aka naɗe musu hannun dama da sawaye, da yadda mutane suka bar harkokinsu suka taru kallo. Ya kuma hana a yi da gaske, saboda an shaida masa cewa akan rasa rai.

Abin lura a bayaninsa shi ne, damben wancan lokaci ya fi na yau sakewa. Akwai naushi, akwai shuri, akwai maƙale kan abokin karawa a hammata ana dukansa, har da sa gwiwa. Wato duk abin da zai kai abokin gaba ƙasa halal ne. A wasu wurare ma akan riƙe mazagi a cikin dunƙulen hannu, ko a ɗaura akayau a ƙafa. Wannan ya fi kusa da dabarar ƙwatar kai a ranar tsanani bisa ga wasan nishaɗi.

Daga Dandali Zuwa Gidan Dambe

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwa suka kau, dambe ya rasa aikinsa na fari, amma bai rasa masoya ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya iso Maiduguri a 1964. 'Yan cin rani suka kwarara birane, suka tafi da wasansu. A birni ne aka kewaye fili, aka sa kuɗin ƙofa, aka sami gidan dambe da mai gidan dambe. Wasan da a da sai da kaka ake yin sa ya koma na kowane lokaci, ya zama sana'a, waɗanda ba su gaji fawa ba ma suka shigo.

Wannan sauyi ya zo da tsari. Aka kawar da mazagi da akayau, aka tsayar da wasa a kan turmi uku, idan babu kisa a raba. 'Yan wasa suka kasu ɓangarori uku: Kudu da Arewa da Guramada. Kowane yaro yana da ubangida, shi ya sa ake jin laƙabi irin su Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Sunan kansa yana ɗauke da salsalar koyo, tamkar yadda almajiri ke ambaton malaminsa.

A nan ne kuma dambe ya haɗu da adabi. Ɗan dambe yana da takensa da makaɗa ke kaɗa masa, yana da kirarin da yake yi wa kansa kafin ya shiga fili. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa sun kai sunayensu inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, ta hanyar rediyo da kaset. Da yawa daga cikin masu ambaton Shago a yau ba su taɓa ganin naushinsa ba, a bakin Ɗan Anace suka san shi.

Iskar Waje

A ƙarni na 20 wasu hanyoyin faɗa suka shigo Nijeriya. Damben Turawa ya sami karɓuwa, har Hogan Bassey ya ci kambin duniya a 1957, Dick Tiger ya bi sahu a 1962. Daga shekarun 1970 finafinan Bruce Lee suka cika gidajen silima, yara suka koma tsalle da shuri a lunguna. Shi Bruce Lee, a 1967 ya fito da salon da ya kira jeet kune do, bisa ra'ayin cewa mai kare kansa ya ɗauki duk abin da zai amfane shi daga kowane salo, ya yar da saura. Irin wannan ra'ayi ne ya bunƙasa har aka buɗe gasar UFC a Amurka a 1993, wadda ɗan Nijeriya Kamaru Usman ya ci kambinta a 2019. Abin da duniya ta ɗauka sabon tunani ne, Clapperton ya tarar da irinsa a Kano tun 1824.

Dambe ma ya shiga wannan kasuwa. Kamfanoni sun fara ɗaukar wasanni suna sakawa a YouTube, an kafa African Warriors Fighting Championship a 2019, an ƙaddamar da gasar Dambe Warriors League a 2023. A irin waɗannan gasanni ana raba 'yan wasa bisa nauyi, ana ƙayyade lokacin turmi, ana ajiye masu ba da agajin lafiya. Yaron Gomari ko Bulunkutu yana iya kallon damben Kano a wayar hannu ba tare da ya taka tasha ba.

Abin da Ya Rage

Duk da wannan ci gaba, akwai abin dubawa. Mai kallo ta waya kisa yake jira, saboda haka mashi ne ake yayatawa, garkuwa ta koma baya. Alhali kuwa rabin ilimin dambe yana cikin garkuwa: sanin tazara, kaucewa, haƙuri, da kame kai. A fagen dambe ba a dukan wanda ya faɗi, kuma yaro ba ya sa zare sai da yardar ubangidansa. Wannan tarbiyya ita ce ta raba ɗan dambe da ɗan daba.

Mu a Maiduguri mun ga ranar wannan magana. A 2013 matasan garin nan suka ɗauki gora suka tsaya tsaron unguwanninsu, aka san su da 'yan ƙato da gora. Wannan ya nuna jarumta ba ta ƙare ba a cikin samarinmu. Ya kuma tuna mana cewa jarumta tana bukatar horo da ƙa'ida da babba mai tsawatawa, abubuwan da gidan dambe na asali ya tanada.

Wasu sun riga mu gane haka. Jigoro Kano ya tace tsohuwar dabarar faɗa ta Japan ya fitar da judo a 1882, ya shigar da ita makarantu, har ta kai gasar Olamfik a 1964. Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara neman takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Babu abin da zai hana a yi wa dambe irin wannan gata: a rubuta dokokinsa, a kare kawunan masu yin sa, a kula da waɗanda suka tsufa ko suka naƙasa a cikinsa.

Kammalawa

Dambe ya taso daga dandalin ƙauye, ya bi jirgin ƙasa zuwa birni, ya shiga rediyo, ga shi yau a intanet. A kowane mataki ya sami wani abu, ya kuma zubar da wani. Aikin da ya dace da ɗaliban sashen Hausa shi ne su nemi tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu da sarakunan fawa, su naɗi kirari da take da sunayen dabaru tun masu su suna raye, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.